Ɗakin da Auta Ta Goge

Auta irin yaran nan ce da za a aika sayen gishiri su tsaya kallon gajimare. Tun tana ƙarama haka take, girma kuma bai raba ta da halin ba. Da ta gama karatu aka ɗauke ta koyon aiki a wani ofishin hulɗa da jama'a, aka ba ta tebur a bakin taga, wanda duk mai hankali ya san ganganci ne. Ta nan take hango rufin gidaje da tankunan ruwa da shanyar mutane tana kaɗawa, sai ta lula. Jikinta na kan kujera, ita kuwa Allah kaɗai ya san inda ta kai.

Aikin ofishin shi ne gyara sunan kamfanoni a idon jama'a: a faɗi alherinsu da ƙarfi, in wani abin kunya ya taso a yayyafa masa ruwa. Mai wurin wata doguwar mace ce mai tabarau, kowa Madam yake ce mata. 'Yan koyo su uku ne, kujerar aiki kuwa ɗaya ce za ta buɗe in wa'adinsu ya cika, kuma Madam ba ta ɓoye musu ba. Auta na son kujerar nan, amma ba don ƙawa ba. Ummanta nas ce. Tun rasuwar mahaifinsu take karɓar aikin dare, nata da na wasu, don ta riƙe gidan. Burin Auta guda ne tak: ta samu aiki, Umma ta ajiye aikin dare, ta kwanta ta yi barci irin na mutane. In ta lula a bakin taga yawanci abin da take gani ke nan, Umma a kwance, babu agogon da zai tashe ta.

Ranar da aka raba wa 'yan koyo shafukan kamfanonin da za su riƙa kula da su a kafafen sada zumunta, ɗaya ta samu na kayan kwalliya, ɗayan ya samu na lemon kwalba, Auta kuwa aka miƙa mata na kamfanin katifa. Sauran suka bushe da dariya, suka ce an haɗa 'yar barci da danginta. To me mutum zai ce a kan katifa kullum ta Allah? Ta ce mai laushi ce. Ta ce ba ta lotsawa. Ta ce mai ciwon baya ya samu magani. Masu danna mata alamar so ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, cikinsu har da Yayanta da ke aiki a wani gari, shi ma sai ta roƙa.

"Mutane sun gaji da talla," in ji Madam wata rana, tana tsaye a kanta. "Wa bai taɓa ganin katifa ba? Mutum za ki nemo mini. Mutum na gaske, mai gajiya ta gaske."

Akwai wata katifa da kamfanin ya aiko don a ɗauki hotonta. An gama da ita, ta zauna jingine a lungu tana tare wa mutane hanya, har Madam ta ce duk mai so ya kwashe ta. Auta ta sa aka ɗaure ta a saman motar haya ta kai gida. Umma ta danna ta da tafin hannu, ta sake dannawa, ta ce, "Wannan ai sai ta sa mutum ya makara." Amma ta bari aka shimfiɗa mata ita.

Wata ranar hutu da hantsi Umma ta dawo daga aiki. Ta ce a dafa mata shayi, ta shiga ɗaki. Ko da Auta ta kawo shayin, barci ɓarawo ya riga ta. Umma na kwance a gicciye cikin fararen kayan aikinta, ƙafa ɗaya da takalmi, hannu ɗaya a kan goshi ya rufe rabin fuskarta. Hasken rana ya ratso labule ya kwanta mata a kafaɗa, ƙura na yawo a cikinsa a hankali. Duk layukan nan da ke tsakanin girarta sun warware. Auta ta tsaya da kofi a hannu tana kallo, tausayi da ƙauna suka cika ta. Ta ajiye kofin, ta zaro waya, ta ɗauki hoto. A lokacin, tsakani da Allah, ba ta yi niyyar komai ba, so kawai take ta riƙe abin da ta gani.

Sai da ta koma bakin tagarta a ofis ta sake buɗe hoton, maganar Madam ta faɗo mata. Ga mutum na gaske, ga gajiya ta gaske, ga kuma katifarsu.

Matsalar ɗaya ce. Abu na farko da ake koya wa ɗan koyo a wurin nan shi ne hoto ya fito fes, kada wani tarkace ya janye ido daga hajar da ake talla. Ɗakin Umma kuwa ɗakin mutum ne mai rai. Auta ta buɗe manhajar gyaran hoto, irin wadda in ka shafa yatsa a kan abu sai ya ɓace, bango ya cike gurbinsa. Ta shafa a kan kwandon wanki, ya tafi. Ta shafa a kan durowa mai karyayyen murfi, ta narke. Fanka ta bi, labule mai furanni ya bi, kofin shayin ma da ta ajiye da hannunta ya bi. Abin ya yi mata daɗi, ta ji kamar a mafarki take, inda mutum ke share gida ba tsintsiya ba ƙura. Da ta kai kan hoton mahaifinsu da ke rataye saman gado yatsanta ya ɗan tsaya. Ta ce a ranta, ai a nan kawai ne, na bango yana nan. Ta shafa.

Abin da ya rage shi ne farin bango, gadon ƙarfe, farin zanin gado, da mace cikin fararen kaya tana barci. Ta rubuta a ƙasa: "Ta kwana a tsaye don wasu su samu barci. Yanzu ku yi shiru, lokacinta ne." Ta manna tambarin kamfani a kusurwa.

Madam ta cire tabarau ta duba, ta mayar ta sake dubawa.

"Wace ce wannan?"

"Wata mai amfani da katifarmu ce, Madam."

Wannan dai ba ƙarya ba ce.

"Ta yarda a saka?"

"Ta yarda."

Wannan kam ƙarya ce tsagwaronta. Auta ta rarrashi zuciyarta da cewa Umma ba ta taɓa hana ta abu ba, fuskar ma rabi ce, kuma wayar Umma ta kira ce kawai, ba ta san wata kafar zumunta ba balle ta ga kanta a ciki. In an ba ta kujerar, sai ta nuna mata su yi dariya tare.

Ta danna, hoton ya tafi.

Kafin a tashi aiki wayarta ta soma rawa a kan tebur, kuma ba ta daina ba. Ma'aikatan jinya ne suka fara ɗauka, suna tura wa junansu. Sai direbobi, sai masu gadi, sai masu gashin burodi, duk wanda ya san ɗanɗanon fitowar rana a kan idon da bai runtsa ba. Wani ya rubuta cewa mahaifiyarsa ma haka take kwanciya da takalmi ɗaya. Wata ta ce wata nas ce ta riƙe mata hannu ranar da ta haihu, ba ta san sunanta ba, don haka wannan baiwar Allah za ta yi wa addu'a a madadinta. Wani ya ce ya sayi katifar ya aika wa ƙanwarsa. Saƙonni na zuwa har cikin harsunan da Auta ba ta iya karantawa ba, sai dai ta ga alamar hannu biyu a ɗage.

Kwanakin nan Auta ba a ƙasa take tafiya ba. In ta zauna a motar haya ta ga mutane sun sunkuya kan wayoyinsu, sai ta ga kamar duk Umma suke kallo, duk sun yi shiru don kada su tashe ta. Ta ji duniya ta zama ɗaki guda, mutane sun kewaye gado suna yi wa Umma fifita. Ita da ba a san da zamanta ba, ita da aka ba katifa don a yi dariya, ga shi da yatsa ɗaya ta sa dubban baƙi sun ce wa mahaifiyarta sannu, abin da asibitin bai taɓa ce mata ba. Kamfanin katifa ya bugo yana godiya. Madam ta soma ce mata "'yata". Sauran 'yan koyo suka daina dariya, suka koma leƙen allon kwamfutarta.

Yayanta ne ya tashe ta. Ya kira ana tsakiyar aiki, ko gaisuwa babu.

"Auta, ke kika ɗauki Umma hoto?"

"Yaya, ka gani ko? Ka ga yadda mutane..."

"Duba abin da na turo miki."

Hoton ne, amma an yanke tambarin kamfani, an yanke rubutunta. An sa wani da manyan baƙaƙe: "Marasa lafiya na kira, nas na minshari." Auta ta kalle shi da idon wanda bai san ɗakin ba, a karo na farko. Farin bango, gadon ƙarfe, farin zani. Babu wanda zai ce wannan ba ɗakin asibiti ba ne, ita ce da hannunta ta mayar da shi haka.

Wanda ya yi wannan aiki ba a san shi ba, kuma ba za a taɓa sani ba. Amma nasa ya fi nata gudu nesa ba kusa ba, don mutane da yawa na da tabon asibiti a zuciya, sun daɗe suna neman fuskar da za su ɗora wa haushinsu. Wani ya ce ya san wurin. Wata ta rantse a ɗakin nan ɗan maƙwabciyarta ya cika, ana ta kira babu nas. Aka ƙara gishiri, aka ƙara barkono. Daga nan wani da ya san hannun Umma da yadda take ɗaura kallabin aiki ya rubuta sunan asibitin da sashen da take. Magana zarar bunu ce, wannan kuwa bunun da aka zara ya shiga hannun dubbai.

Auta ta shiga ofishin Madam ta faɗi gaskiya.

"Mahaifiyarki," in ji Madam. "Kuma kika ce mini ta yarda."

"Ina da hoton na asali, Madam. In na saka shi kowa zai ga gida ne."

"Kowa?" Madam ta yi wani murmushi mara daɗi. "Zauna, 'yata, in koya miki abin da ba a koya muku a makaranta ba. Sunan kamfani ba ya cikin wanda ke yawo, an yanke shi, Allah ya rufa mana asiri. In kika saka na asali, kin shaida wa duniya cewa mun gyara hoto, mun saka mutum ba da izininsa ba. Kamfanin zai bar mu, ni kuma ba zan iya riƙe ki ba. In kika yi shiru, kwana kaɗan wani abin zai taso, su koma can. Na ga irinsa ya fi a ƙirga. Wutar kara ce."

Ba mugunta ce ta sa ta faɗa ba, sana'arta ta faɗa, kuma a sana'ar tana da gaskiya. Auta ta fito tana son ta yarda. Ta ma soma lulawa: an manta, an ba ta kujera, Umma ba ta taɓa ji ba.

Da yamma ta tarar da Umma a tsakar ɗaki, zaune a bakin gado da kayan gida, a lokacin da ya kamata tana shirin fita. Jakar aikinta na rataye a ƙusa.

"Sun ce in zauna a gida har a gama bincike," in ji Umma. Muryarta a kwance take, irin wadda take yi wa dangin mara lafiya magana da ita. "Wai an ɗauke ni hoto ina barci a bakin aiki. Na ce musu tunda na sa farar rigar nan ban taɓa kwantar da haƙarƙarina a asibiti ba. Suka ce to ga hoto. Ni dai na kasa kallo a gabansu. Ke da kika san kan wayoyin nan, nemo mini shi in gani."

Auta ta buɗe hoton a wayarta, ta durƙusa ta miƙa mata. Umma ta nisantar da ita daga idonta, ta matso da ita, ta daɗe tana kallo.

"Ni ce," ta ce. "Amma ina ne nan?"

"Nan ne, Umma."

"Nan ina?"

"Ɗakin nan. Ni na ɗauka. Ni na goge kayan."

Umma ta ɗaga kai ta dubi durowa, ta dubi fanka, ta dubi labule, ta juya ta dubi hoton mijinta a bango. Ta sake duban wayar.

"Har da Abbanku?"

Auta ta fashe da kuka. Ta yi ta zuba bayani, na kujera, na aikin dare, na mutanen da suka yi addu'a, har ta lalubo saƙonnin don ta nuna mata. Umma ba ta karɓa ba. Ba ta yi faɗa ba, ba ta ɗaga murya ba, wanda da ta yi da ya fi wa Auta sauƙi.

"Ina barci," ta ce kawai. "A ɗakina."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Washegari da safe Auta ta jera hotunan biyu gefe da gefe a nata shafin, da sunanta, ta rubuta abin da ta yi ba tare da kwana-kwana ba. Ga kwandon wanki, ga durowa mai karyayyen murfi, ga duk abin da ta ji kunyar a gani. Ta tura wa asibitin, ta tura wa duk wanda ta ga ya yaɗa na ƙaryar, ɗaya bayan ɗaya, har yatsunta suka yi tsami. Kaɗan ne suka amsa. Wasu suka ce wannan ɗin ne ma na bogi, an zana kayan ne don a wanke ta. Mafi yawa sun riga sun wuce, an samu wani sabon abin zagi, kamar yadda Madam ta faɗa. Kamfanin katifa ya janye. Madam ta sallami Auta ba tare da cin mutunci ba, ta ce mata tana da ido mai kyau, saura ta koyi tambaya. Mai lemon kwalba aka ba kujerar.

Asibitin dai ya gani. Shugabar ma'aikatan jinya ta zo gidan da kanta, ta tsaya a ƙofar ɗaki da wayarta tana gwada bango da bango, ta ba Umma haƙuri. Sai dai ta ce mutane sun riga sun san fuskar, dangin marasa lafiya na tambaya ko wannan ce mai barcin, don haka za a ɗauke ta daga ɗakin jinya a mayar da ita sashen ajiyar magani, aikin rana zalla, har ƙura ta lafa. Umma ta ce to, ta gode.

Ga shi nan dai, Umma ta bar aikin dare. Abin da Auta ta yi ta gani a bakin taga ya tabbata, amma ba ta ƙofar da ta zata ba, garin neman gira aka rasa ido. Umma na dawowa da la'asar, ta cire kayan aiki tun kafin ta zauna, ta ninke su ta sa a durowa. Idanunta sun faɗa fiye da lokacin da take kwana a tsaye. Suna gaisawa, suna cin abinci tare, har wani lokaci Umma ta tambaye ta ko an kira ta daga wuraren da ta nemi aiki. Auta ta sa a ranta an wuce wurin.

Wata la'asar ta ji gidan ya yi tsit, ta leƙa ta ga Umma a kwance, ta ba ƙofa baya, numfashinta na tafiya a hankali. Daɗi ya kama Auta. Fanka na kaɗawa da ƙarfi, ta ce bari ta rage mata kada sanyi ya tashe ta. Ta cire takalmi, ta shiga da sanɗa.

Ba ta kai ga fankar ba Umma ta zabura ta tashi zaune, ta ja mayafi ta rufe jikinta. Ba fuskar Auta ta fara kallo ba. Hannunta ta kalla, na dama, sannan na hagu.

"Babu komai, Umma," in ji Auta, ta buɗe tafukanta biyu. "Fanka zan rage miki."

"Bar ta haka." Umma ta sauke numfashi, ta ɗan yi murmushi don kada 'yarta ta ji ciwo. "Je ki abinki, Auta. Ja mini ƙofar."

Ta fita ta ja ƙofar a hankali. Tana nan tsaye, hannunta bai bar mariƙin ba, ta ji takun Umma ya matso, ta ji an murza makulli daga ciki. Duk tsawon rayuwarta a gidan nan, ba ta taɓa sanin ƙofar na da makulli ba.